Benen da ke leƙen tsakar gida

A tashar Bici, muna jiran motar Tsanyawa ta cika, wani magini ya nuna wa dattijuwar da ke gefensa wani dogon bene da aka tsayar da aikinsa.

"Inna, kin ga wancan? Da hannuna na ɗora shi. Hukuma ta ba da izini, sai wasu mata suka kai ƙara, wai ana hango tsakar gidajensu."

"Ba wai ba ne, ɗan nan. Ni na ja su muka je."

"Ke ce? To kin hana ni cin abinci."

"Kai kuma ka hana ni wanka. Bayinmu ba rufi. Ranar da jami'ai suka zo dubawa, da gwiwoyin nan na hau har ƙoli na nuna musu."

"Me kika gani?"

"Komai! Shanyar kowa, turmin kowa. Kuma wallahi duk unguwar babu tsakar gidan da ta kai tawa. Fes da ita, ga rumbunana a jere."

"To ki janye ƙarar mana, duniya ta gani."

Ta gyara mayafi.

"Tun ina amarya nake sharar nan, ban yi don 'yan hayar da za su shiga benenku ba. Ku toshe tagogin da ke kallonmu, gobe ka koma bakin aikinka."