Tunkiyar da Chindo Ya Ƙone

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma wakilin perfe, shugaban gundumar Malbaza, mai girma magajin garin Dogarawa, maigari ranka ya daɗe, Liman Allah gafarta malam, shugaban ma'aikatar dabbobi da ya taso tun daga Konni, yayarmu Talatu matar marigayi da kike ji na daga cikin zaure, ɗiyansa Mustafa da Rahinatu, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ne Alamin, sakataren ƙungiyar makiyaya. Ni anka zaɓa in yi magana da bakinmu duka, yau kwana arba'in da rasuwar Chindo Alhasan. An ce in taƙaita, in kuma yi magana mai laushi. Zan taƙaita.

Ya kasance likitan dabbobinmu shekara ashirin da takwas. Ya kasance idan anka ce masa saniya ta kwanta, ba ya tambayar ta wa ce, sai dai ya tambayi ina take. Ya kasance ya fi sanin sunayen shanu da na masu su, har muna yi masa tsiya cewa da zai yi takara, garke ne kaɗai zai zaɓe shi. Wata damina saniyata ta kasa haihuwa a hanyar Tajaye. Ya tuɓe riga cikin taɓo, ya sa hannu har kafaɗa, bai miƙe ba sai da ya ciro maraƙa mai rai. Jikokin maraƙar nan suna cikin garkena har yanzu.

Baƙinmu ba su san Auta ba. Tunkiya ce uda wadda uwarta ta mutu ranar haihuwarta. Chindo ya ɗauko ta cikin jakar allurai, Talatu ta raine ta da nonon akuya. Ita ce ke raka shi buro, wajen aikinsa, da safe, ta kwanta bakin ƙofa har ya tashi. A tafin hannunsa take cin dussa. Mahauta sun taya ta ya fi a ƙirga, yana ce masu wa ya taɓa sai da autarsa.

Shekara bakwai ke nan, wani hantsi, Auta ta dawo kiwo ta faɗi tsakar gida ta mutu nan take. Baƙin jini na fita ta hanci, ba ya daskarewa. Chindo ya duba sau ɗaya ya gane ciwon saifa ne. Ya kori kowa daga wajen. Ku kun san al'adarmu: dabba ta mutu, a ja ta bayan gari, mai son fata ya feɗe, ungulu da karnuka su ƙarasa. Kafin azahar Fa'izu dillalin fatu ya iso da wuƙarsa.

Na ambaci suna, na sani. Shekara bakwai ana ambatar na Chindo a kowace rumfa, babu wanda ya ce a sakaya shi.

Ina wurin. Fa'izu ya ce, “Malam Chindo, mushe na fa. Mi za ka yi da hwatar mushe?”

Chindo ya ce, “In ka sa wuƙa jikinta, ciwon ga gidanka za shi kwana. Ko taɓa ta ba ka yi.”

Ya haƙa rami a fako can nesa da rijiya, ya jera kirare, ya ɗora ta, ya zuba fetur, ya kunna da hannunsa. Ya tsaya cikin rana har ta cinye ƙurmus, sannan ya rufe tokar da ƙasa, ya jibga ƙaya a kai. Na ga fuskarsa. Ban taɓa ganin Chindo yana kuka ba sai ranar.

Kafin kasuwar Malbaza ta zagayo, labari ya canza. Anka ce da ranta ya ƙone ta, an ji kukanta. Anka ce mai azabtarwa da wuta ya yi shisshigi cikin ikon Allah. Anka ce ya kwashe tokar ya dura a kwalba, yana zuba ta cikin allurar da yake yi wa shanunmu. Anka ce hayaƙin ne ya kashe awakin unguwar yamma. Duk bakin Fa'izu sunka fito, saboda fata guda.

To ku saurara, yau sai na amsa su. Gawa ya ƙone, ni na riƙe masa shebur. Liman ga shi zaune, tun a lokacin ya ce hanin da anka yi a kan mai rai ne, kuma kawar da cuta daga jama'a aikin lada ne. Ya faɗa kan mumbari, kunka ce abota ce ta sa. Toka kuma tana nan cikin raminta, wanda ke shakka ya zo in ba shi galma. Awakin unguwar yamma mushen da anka yar a kwari sunka yi kiwo a gefensa, wanda babu mai ƙone shi. Masu cewa wulaƙanci ne, ku gaya mani: wanda ya tsaya kan dabbarsa har ta zama toka, da wanda ya bar tasa karnuka suna yawo da ƙafarta cikin gari, wa ya mutunta tasa?

Abin da anka yi masa ba zagi ba ne a fili. Da zagi ne da ya rama. A ƙofar gidan maigari, bayan magariba, kowane magidanci na kawo akushinsa a ci tare. Anka ci gaba da karɓar na Chindo, ana ajiye shi a tsakiya, babu mai sa hannu. Yakan ci loma biyu shi kaɗai, ya rufe, ya mayar wa Talatu. Washegari ta sake tuƙawa, ya sake kawowa. Shekara bakwai bai fasa ba.

Ni ma na janye hannuna, wata biyu cur. Ni da na riƙe shebur. Na ji tsoron a haɗa ni da shi. Ranar da na koma na gutsura, sai ya turo mani gefen da ya fi miya. Wannan kunya da ita za a rufe ni.

Kuma duk tsawon shekarun nan, waɗanda ba su cin tuwonsa su ne masu buga masa ƙofa idan sa ya kumbura. Yana zuwa.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ga sabuwa: wai ya bar wasiyya a ƙone shi kamar tunkiyarsa. Mutumin da ya sayi likkafaninsa tun shekarar da ya yi ritaya. Ranar jana'iza akwai magidanta a garin nan da sunka tsaya daga nesa, suna jira su ga ko makara za a fito da ita ko itace. Na gan ku. Na san inda kowa ya tsaya.

Yaya Talatu, ke kin san abin da ban sani ba. Kin ce in isar da saƙonki yadda yake, ga shi: Chindo ya yafe kafin ya cika, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Ke ba ki yafe tuwonki ba.

Rahinatu, ki daina sunkuyar da kai a lakwal ɗin da kike koyarwa. Ubanki bai yi abin kunya ba. Mustafa, ɗana, kai ka gaji jakarsa, kuma ka ba ni izinin faɗin wannan. Ranar Talatar da ta wuce bijimin Fa'izu ya faɗi, baƙin jini na fita ta hanci. Bai kira mahauci ba, bai ɗauko wuƙa ba. Ya zo gidan nan da ake zaman makoki, ya ce, “Ka taimake ni ka yi mashi yadda babanka ke yi, ina da ɗiya ƙanana.” Mustafa ya tashi ya je. Fa'izu da kansa ya yi ta ɗauko kirare.

Ashe ka sani, Fa'izu. Ashe tun can ka sani.

Ga abin da ƙungiya ta yanke, baki ɗaya. Allura ba za a hana dabbobinka ba, su ba su yi ƙarya ba. Amma Juma'a mai zuwa, bayan an sallame, za ka miƙe gaban masallaci ka faɗi da bakinka cewa Auta matacciya ce anka ƙone ta, ba a ɗebi toka ba, babu wata wasiyya, kai ka ƙaga. In ka faɗa, mun bar ka da Allah. In ba ka faɗa ba, babu makiyayin da zai sake miƙa maka fata daga nan har Illela, kuma duk abin da ya fito daga tukunyar gidanka za ka ci shi kai kaɗai. Ba mu sa wa'adi ba. Chindo ma babu wanda ya sa masa.

Muna godiya ga manyanmu da sunka bar ayyukansu, da malamman da sunka sauke Alƙur'ani tun safe, da matan da sunka tsaya kan murhu.

Ya Allah, ka jiƙan Chindo ɗan Alhasan, ka yalwata kabarinsa, ka tsare shi daga wuta kamar yadda ya tsare garin nan daga cuta. Ka ba Talatu da ɗiyanta haƙuri. Ka yafe mani wata biyuna. Wanda ya ƙaga ƙaryar nan kuwa, ka ara masa rai da lafiyar harshe har zuwa Juma'a. Amin.