Wurin Tsayawa a Rawar Danzón

A dandalin birnin Veracruz ne da la'asar, makaɗa sun ɗan sarara. Eulalia na zaune tana fifita, sai wani dattijo mai farar taguwa ya miƙo mata hannu.

"Baiwar Allah, ko za ki taimaka min da rawa ɗaya?"

"Ni da kai? Ai na ga aikinka ɗazu. Kowa ya san a danzón in makaɗa suka koma kan mabuɗin kiɗa, tsayawa ake yi, mata su yi fifita, a saurara. Kai kuwa sai zuba ƙafa kake, kamar jirgi zai bar ka."

"Daɗi ne ya kwashe ni. Kiɗan da ya haɗa gangar Afirka da gogen Turawa a Kuba, ya hayo teku ya same mu, wa zai iya tsaya masa?"

"Kakata ta tsaya, uwata ta tsaya. Wannan tsayuwar ita ce girmama makaɗa. Ko kurma ne kai?"

Dattijon ya juya malfarsa a hannu.

"Kusan haka. Ganga kawai nake ji yanzu, ita ma a ƙirji. Maganarki ma a leɓenki nake gani. Matata ce ke ɗan matsa min kafaɗa in wurin tsayawa ya zo. Tun da ta rasu, yau na fara fitowa."

Makaɗa suka ɗauki sabon kiɗa. Eulalia ta naɗe maficinta, ta miƙe, ta fuskance shi sosai don ya ga bakinta.

"Sau ɗaya take matsawa, ko sau biyu?"