Ruwan Ɗanyen Gwaza

EVANTIYA: Alo? Goggo Mirofora? Ina kwana?

MIROFORA: Lafiya lau, 'yar bokon London. Kin koma birnin Larnaka lafiya? Ya gajiyar hanya?

EVANTIYA: Babu gajiya. Ya mutanen ƙauyenmu Sotira?

MIROFORA: Kowa ƙalau. Ya ofis?

EVANTIYA: Da godiya. Ya jikin Kaka? Ya sha abin da na bar masa a firji?

MIROFORA: Ya sha mana, tas. Muna asibiti.

EVANTIYA: Kuna ina? Layin yana yankewa...

MIROFORA: Asibiti na ce! Maƙogwaronsa ya kumbura, harshe ya cika baki. Da tiyo yake numfashi.

EVANTIYA: Wayyo Allah! Gwaza ne fa kawai da madara da zuma! Na karanta yana taimakon masu ciwon suga, yana gyara ciki...

MIROFORA: Dafaffe ake ci, sarkin likitoci! Dafaffe! Ko akuya ba ta kusantar ɗanyensa. Mu da ko wanke shi ba ma yi, da tsumma muke gogewa, mu farfasa da wuƙa, ya nuna luguf da ganyen seleri. Ke kuwa kika markaɗa wa tsoho ɗanye.

EVANTIYA: Ban sani ba, Goggo, wallahi...

MIROFORA: Shi ai ya sani. Shekara sittin yana nomansa. Kurɓar farko ya gane. Sai ya ce jikarsa ce ta haɗa da hannunta, ya shanye.

EVANTIYA: Tsaya. Jiya kina kicin ɗin. Kina kallona ina markaɗawa!

MIROFORA: Ina kallo.

EVANTIYA: Kuma ba ki ce komai ba?

MIROFORA: Ni jahila, in koya wa mai digiri girki? Shekara goma sha ɗaya ina yi masa wanka, ina auna masa suga, ban taɓa jin sannu ba. Ke ki zo ran Lahadi da injin markaɗe, sai Evantiya kaza, Evantiya kaza. Na ɗauka ƙaiƙayi zai ɗan yi masa, ya san wa ke riƙe da shi.

EVANTIYA: Ubanki ne fa!

MIROFORA: Ke kika haɗa. Haka na gaya wa likita, haka na gaya wa babanki.

EVANTIYA: Ga ni nan tafe yanzu.

MIROFORA: Kar ki ɓata man motarki. Dangi sun ce kada a bar ki ki shiga.

EVANTIYA: Goggo, don Allah... ya neme ni?

MIROFORA: Da wane maƙogwaro?

EVANTIYA: Goggo? Alo? Alo!