Bizar Wankan Jego

Talata ce, cikin bazara. Zafi tun da sassafe, hadari ya haɗu a gabas ya ƙi sauka. Ranar na fara hawa matakalar ofishin ejan mai nema wa mutane biza a Sabon Gari.

Ku da kuka zo Kano bana, kuna kwana a zaurena kuna cika mini kunne da zancen fita waje, ku matso. Ba na maimaita magana.

Ni ma ci-rani ya kawo ni garin nan. Uwata ta sayar da tunkiyarta, ta ƙulle mini kuɗin a tsumma, ta ce in dawo kafin shuka. Ban koma ba sai da gemu. Na yi dako a Kasuwar Singa har wuyana ya kusa shigewa ciki, daga baya na faɗa rini a nan Fagge, ina yi wa Alhaji Ɗanlami mai shadda a Kantin Kwari. Da na zo garin nan babu wanda ya tambaye ni takarda. Mota na hau, na sauka, na nemi inda zan shimfiɗa tabarma. Yanzu kuwa kafin ka je ganin 'yar da ka haifa, sai na'ura ta yarda da kai.

Autarmu ce, Hadiza. Mijinta Nura tela ne, ya tafi nasa ci-ranin can hayin teku, ya zauna, ya aiko ta bi shi. Sunan ƙasar ba ruwanku. In na faɗa, gobe wani cikinku zai fara haɗa jaka. Ta samu ciki, na fari. A wurinmu gida mace take dawowa ta haihu gaban uwarta, a yi mata wankan jego. Likitan can ya ce kada ta hau jirgi. To sai uwar ta je. Matata, Innarku Uwani, ba ta taɓa wuce Zariya ba, shi ya sa aka ce in raka ta. Ku riƙe wannan da kyau: ita ake bukata. Ni ɗan rakiya ne, mai ɗaukar jaka. Sa ɗaya nake da shi a ƙauye, na aika a sayar saboda kuɗin tafiya.

Ejan ɗin sunansa Kabiru. Ofishinsa a saman shagon kayan gyaran babur. Kwat ya sa cikin wannan zafi, waya a kowane hannu.

"Baba, bizar yawon buɗe ido za mu nema muku."

"Yawon me?"

"Buɗe ido. Haka sunanta."

"Na yi maka kama da mai yawo? Jego za mu je."

"Ai babu bizar jego, Baba."

"To su yi."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ya shiga jero mini kalmomi, wai afoyinmen, wai furosesin, wai bayomatirik, kamar sunan maganin ɓera. Ashe duk wannan bayomatirik ɗin danna yatsa ne, irin na ranar zaɓe. Za a ba mu rana, mu je wani ofishi mu danna, sannan a jira amsa.

Ya ce, "Ina Hajiya?"

Na ce, "Tana gida. Ga fasfonta, ga hotonta. Abin da za ka faɗa mata, faɗa mini."

Ya ɗaga kafaɗa. Sai idonsa ya faɗa kan hannuna.

"Baba, miƙo mu gani."

Ku dubi hannun nan. Yanzu ma da sauƙi. A lokacin shuɗi ya shige har ƙarƙashin farce, soda ta cinye zanen yatsun nan tas, sun yi santsi kamar bayan cokali.

"Na'ura ba za ta ga wannan ba."

"In ta ƙi gani fa?"

"Sai a nemi wata rana. Wata ranar kuwa ba ta samuwa kusa. Mutane sun yi yawa."

Ya ce in bar rini har ranar, in riƙa shafa mai, zanen zai ɗan dawo.

In bar rini, Salla tana ƙaratowa. Kun san yadda Kwari take a wannan lokaci, ko wurin aje ƙafa babu. Alhaji Ɗanlami da kansa ya zo har marina.

"Malam Audu, shadda ta cika mini rumfa, kai kana zaune kamar amarya?"

"Yatsu nake jinya."

"Sa safar hannu mana."

"Soda tana shiga safa."

"To ka ji. In ka tafi buɗe idon naka, za ka dawo ka tarar da wani a bakin garwarka."

Na ce, "Sa shi."

Ya kuwa sa. Mutumin da na yi wa aiki tun yana da rabin shago.

Haka na zauna makonni, hannu a kan gwiwa. Ban taɓa zama irin wannan ba tun da aka haife ni. Innarku ce take narka man kaɗanya ta murza mini yatsa bayan yatsa, ta sa mini tsohuwar safar ƙafa a hannu kada man ya goge. 'Yan marina suka sa mini suna Ango. Ita kuma tana ta shiri. Ta surfa gero ta kai niƙa saboda kunu, ta sayi kanwa, ta daka yajin jego, ta shanya ganyen darbejiya a kan kwano, ta ninke zannuwan goyo. Tana aikin tana waƙa ƙasa-ƙasa. Matar da rabon da in ji ta yi waƙa tun yarinyar tana goye.

Yanzu ga Hajiya Gambo. Kun san ta, matar mai gidan nan da muke haya, wadda take yi muku tsawa a kan famfo. Ni da ita mun daɗe ba ma jituwa, wai ina ɓata mata siminti da shuɗi. Ana jibi za mu je danna yatsa, na dawo daga Sabon Gari da la'asar, sai na jiyo guɗa tun daga bakin layi. Na shigo na tarar da tsakar gida cike da mata. Innarku tana kan tabarma, hannu da ƙafa duk an naɗe da leda.

Na ce, "Bikin wa ake?"

Hajiya Gambo ta ce, "Matar da za ta hau jirgi ta je ganin jika ba za ta fita gidana da farin hannu kamar mai takaba ba. Jibi ma gaban manyan mutane za ta zauna. Ni na kira mai ƙunshi, ni na biya."

Na yi tsaki saboda hayaniya na wuce ɗaki. Ban ga wani abu ba. Zanen yatsa ejan ya ce mini, bai ce launi ba. Washegari suka maimaita don ya ƙara kamawa. Ya kuwa kama. Kan yatsunta ya yi baƙi-baƙi kamar busasshen dabino, ita kuma sai juya hannun take tana murmushi.

Ofishin danna yatsa sanyi kamar cikin firji. Muka bi layi, ni hankalina duk yana kan nawa yatsun. Wata yarinya ce a bayan gilashi. Na ɗora. Ta ce in ƙara dannawa. Na danna. Fitila ta yi kore. Wallahi na ji kamar an sauke mini dila daga ka.

Innarku ta zauna, ta fito da hannu daga hijabi. Yarinyar ta duba, ta sauke numfashi.

"Mama, wa ya ce ki yi ƙunshi?"

Aka ɗora, ja. Aka goge gilashin aka sake, ja. Aka canza hannu, ja.

"Ba ya ɗauka. Sai ya goge ku nemi wata rana."

Na ce, "Yarinya, wannan matar ake jira a can, ba ni ba. 'Yarta ce za ta haihu. Ki cire nawa ki sa nata."

"Baba, ba a haka."

"Ga ta nan gabanki, ga fuskarta, ga fasfonta. Ke ba ki da ido sai na'ura?"

Mai gadi ya taho ya tsaya a bayana. Ban ji tsoronsa ba. Abin da ya sa na yi shiru, na waiwaya na ga Innarku ta mayar da hannun cikin hijabi, ta dunƙule shi kamar wadda aka kama da kayan sata.

Na aje ta a gida na wuce Sabon Gari a ƙafa, don in na hau abin hawa zan iya dukan direba.

"Me ya sa ba ka faɗa mini zancen lalle ba?"

"Lalle? Ta yi ƙunshi? Haba Baba, ai kowa ya sani."

"Wane ne kowa? Ina gidansu?"

"Duk macen da ta zauna a kujerar nan, shi nake fara faɗa mata. Hajiya ba ta zo ba. Hannunka na gani, a kansa na yi magana."

Na dubi fankar da ke kan teburinsa. Allah ne ya riƙe mini hannu. Ya latsa kwamfuta, ya latsa, ya ce ranar da ta rage ta wuce watan haihuwa nesa ba kusa ba. Na ce ya nemi alfarma. Ya ce na'ura ba ta san alfarma ba.

Na dawo na tarar mata sun sake taruwa, wannan karon babu guɗa. Lemon tsami, toka, kananzir, har da dutsen goge kaushi. Suna ta dirzar mata yatsu, wani ya fara fitar da jini, ita ta miƙa musu hannun kawai tana kallon bango.

Na ce, "Ku sake ta! Lalle ba ya fita sai fata ta canza."

Hajiya Gambo ta ce, "Ni dai alheri na yi."

"Alherinki ya raba jariri da kakarsa."

"In ba ka son zaman alheri, ga ƙofa nan."

"Ba inda za ni. Sai dai ki ɗauke ni da ɗakin."

Tawa bizar ma ba ta zo da sauƙi ba. Kullum in kira Kabiru, kullum wai tana furosesin. Ranar da aka rubuta a tikiti tana matsowa, Auta tana kira tana cewa ƙafarta ta kumbura, tana tambaya yaushe Inna za ta taso. Babu wanda ya iya faɗa mata sai ni. Sai ana gobe jirgi zai tashi Kabiru ya kira, wai albishirinka. Na ce ya riƙe goronsa. Na karɓo fasfo na jefa a kan gado, na ce ba za ni ba. Me zan je in yi?

A nan Innarku ta yi magana.

"Za ka je, Malam. Yarinyar nan ba za ta haihu babu nata ko ɗaya a kusa ba."

"Ni na san jego ne?"

"Ka san tafasa ruwa. Kullum shi kake yi a marina. Tashi in nuna maka kunu."

Ta kwashe kayanta daga jaka ta mayar cikin akwati, ta bar na jego. Da yatsun nan masu ciwo ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake jiƙa kanwa a tace, yadda ake dama gari.

Kuna so ku ji labarin waje? Ga shi. A filin jirginsu suka ƙwace ganyen darbejiya, wai ba a shiga da ganye. Sanyi har cikin ƙashi. Ka yi wa mutum sallama ya dube ka kamar ka zage shi. Nuran da kuke gani a hoto jingine da mota, motar ba tasa ba ce. Ɗakinsu bai kai zauren nan ba, kuma yana fita kafin rana ta fito, ya dawo bayansa a sanƙare. Buɗe idon da na yi, hanyar asibiti ce da kicin.

Namiji ta haifa. Wata maƙwabciyarsu 'yar Nijar, Allah ya saka mata, ita ta riƙa yi mata wankan. Ni nake ɗora ruwa, ni nake dama kunun kanwa, waya a jingine da gwangwanin gishiri, Innarku tana leƙo ni ta ciki.

"Malam, ya yi gudaji. Juya da sauri!"

"Ina juyawa."

"Ba shadda ba ce, a hankali!"

Ranar suna na ɗaga mata yaron a gaban waya. Ta miƙo hannu ta taɓa gilashin. Na ga yatsun, ƙunshin ya koɗe ya koma ruwan goro. Na miƙa wa uwarsa shi na fita waje na tsaya cikin sanyi. Har yau in na tuna sai in ji ina neman wanda zan shaƙe.

Bayan arba'in na dawo. Na tarar da wani a bakin garwata, kamar yadda aka yi mini alkawari. Na tarar da hannun Innarku fari fat. Ko da Salla ba ta yarda an sa mata lalle ba. Auta ta ba ni wata 'yar rigar yaron da ba a wanke ba, ta ce in kawo wa uwarta. Innarku ta karɓa, ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe. Ba ta tambaye ni tsaraba ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Yana da nauyi?"

Na ce, "Yana da shi."

Washegari da safe ban je wurin Alhaji Ɗanlami neman aikina ba. Na ce mata ta sa hijabi. Na tare mana a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari, na riƙe mata hannu muka hau matakalar nan a hankali. Kabiru ya gan ni ya miƙe tsaye, ya ja fankarsa gefe. Na jawo kujerar na zaunar da ita a gabansa, ni na koma bakin ƙofa na tsaya.

Na ce, "Ga ta. Faro mata daga farko."