Takardun da Babana Ya Karanta a Bango

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Ishaya. Yawancinku kun san ni da wando mai laka, a bayan motar haƙar burtsatse ta Malam Garba. Yau ban tsaya gabanku don na sami wani abu ba. Na tsaya ne in faɗi abin da Allah ya raba ni da shi. Ku yi haƙuri da ni, abin kunya ne, ba ya faɗuwa da sauri.

Ga babana can a benci na biyu, Baba Audu. Bai yi boko ba. Ajami ya koya tun yana ƙarami, kuma da ya karɓi Yesu, da ajamin ya riƙa karanta Maganar Allah. Shi ya zaunar da ni a tabarma, ya feƙe mini alƙalami, ya koya mini baƙi da wasali tun kafin in san ƙofar firamare. Duk abin da ya fara sa ni rubutawa sunan Allah ne.

Ku ji abin da na yi da wannan kyauta.

Da na shiga jami'a ina karatun kimiyyar haɗa sinadarai, sai na gano cewa ajami mafaka ce. Ranar jarrabawa nakan rubuta amsoshi ƙanana-ƙanana a 'yar takarda, in naɗe in sa a aljihu. Wata rana mai tsaron jarrabawa, wani dattijo Musulmi, ya kama ni da ita. Ya buɗe, ya ga rubutun, bai tsaya karantawa ba. Sai ya naɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, ban san addu'arka ce ba."

'Yan'uwa, na karɓa. Har na ce masa ba komai! Mutum ya girmama sunan Allah, ni kuma na ɓoye satata a bayan ladabinsa. Ranar ban ji kunya ba, dariya ma na yi da muka fito.

Na gama karatu, aiki bai samu ba. Na dawo Bagudo, Malam Garba ya ɗauke ni. Shekara uku ina dama masa lakar haƙa. Ga wanda bai sani ba, in ana huda ƙasa ana tura ruwa mai kauri cikin ramin. Shi ke sanyaya bakin ƙarfe, ya ɗauko tsakuwa zuwa sama, ya riƙe bangon rami kada ya rufta. Malam Garba ya koya mini in murza lakar da yatsu biyu in san ko ta yi. Yakan kira ni "injiniyan taɓo", mutane su yi dariya. Ni kuwa abin yana ci mini rai. Ina ganin na fi ƙarfin wannan aiki.

Sai na ga sanarwa cewa wani kamfanin haƙar mai yana neman injiniyan laka. Aikin ɗaya ne da nawa a suna, amma nauyinsa daban. A rijiyar mai, lakar ce ke danne iskar gas a can ƙasa. In nauyinta ya gaza, gas ya taso, wuta na iya kamawa da mutane a tsaye a bakin rijiya. Shi ya sa suka ce sai wanda ya taɓa yin shekara biyu a irin wannan wuri.

Ban taɓa ganin rijiyar mai da idona ba. Amma na sami wani mai shagon kwamfuta ya buga mini wasiƙa, da tambari da sa hannu, cewa na yi shekara biyu a wata rijiya cikin teku. Na aika.

Muna haƙa a wani ƙauye dab da iyaka, inda waya ke sakin sabis ɗinmu ta kama na Benin, sai mutanen kamfanin suka turo saƙo. Sai da muka kamo hanyar gida ya shigo. Sun kira ni intabiyu ta bidiyo, nan da mako biyu. Na yi tsalle a bayan mota! Na zo nan, na roƙi ku yi mini addu'a, kuka yi. Ban gaya muku abin da kuke yi wa addu'a ba. Ku gafarta mini.

Na shiga shiri. Na karanta yadda ake auna nauyin laka da sikeli, yadda ake gwada kaurinta da mazurari, da garin dutsen da ake ƙara mata don ta yi nauyi. Wannan duk halal ne. Amma ƙarya tana da wuyar riƙewa a ka. Sai na koma ga tsohuwar dabarata. Na rubuta komai da ajami, manya-manya, na liƙa a bangon ɗakina, daidai bayan inda zan ajiye kwamfuta. Ko wani ya leƙo, zai ce ayoyi ne.

Ana gobe intabiyu, da hantsi, Baba ya shigo ɗakin neman reza. Ina zaune ina goge takalmi. Ya ɗaga kai ya ga bango, sai fuskarsa ta washe.

"Madalla, Ishaya! Ashe ba ka yada rubutun ga ba. Bari in sa albarka."

Ya ciro tabarau, ya matsa, ya ɗora yatsa a layin farko. Kun san yadda Baba ke karatu, a bayyane, kalma bayan kalma, kamar yana cikin sujada. Haka ya fara.

"Ka ce ka yi shekara biyu cikin teku. Ka ce da jirgin sama aka kai ka. Ka ce sau ɗaya gas ya taso, kai ka danne shi. In sun nemi lambar ubangidanka, ka ce ya bar ƙasar."

Yatsansa na nan a kan takardar. Kaji na kuka a tsakar gida.

"Wanga teku," ya ce, bai juyo ba, "yaushe kat tahi? Ni dai iyakar ruwan da nis san ka ƙetare, Kwara ta."

Na ce, "Baba, haka kowa ke yi. In na shiga zan koya."

"Kai kac ce min lakar ga ita ka danne wuta. Ko ba kai ba?"

"Ni ne."

"To ranar da kake koyo, ɗiyan wa ka tsaye bakin rijiyar?"

Ya cire tabarau, ya share da bakin riga. Ya ce, "Da baƙaƙen ga nis san Mai Cetona. Su nib ba ka, don ba ni da gona babba." Wallahi da mari ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Sai tsohon nan, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya dafa gado ya durƙusa. Na ɗauka zai roƙi Allah ya rufa mini asiri. Ku ji addu'arsa: "Ya Uba, kada ka ba yaron ga aikin da za shi kashe ɗan wani. In gaskiya ba ta kai shi, bar min shi gida."

Da farko haushi na ji. Ubana yana roƙon kada in sami aiki! Amma kafin ya ce amin, sai fuskar dattijon nan mai tsaron jarrabawa ta faɗo mini, da hannayensa biyu a miƙe. Kunyar da ban ji ba shekara da shekaru, ita ta sauko mini gaba ɗaya. Na faɗi kusa da Baba, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na ce, "Yesu, ni ɓarawo ne, ni maƙaryaci ne. Ka wanke ni." Ban iya faɗin wani abu ba, shi na yi ta maimaitawa.

Ya ji ni! Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma na tashi na ɓamɓare takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kai su murhu da kansa.

Da la'asar na je wurin Malam Garba na gaya masa komai. Ya ce, "Injiniyan taɓo, shekara uku kana dama min laka, ba ka ga ta isa a rubuta ba, sai ta teku?" Ya faɗi ayyukan da na yi masa, na rubuta, ya sa hannu.

Washegari na zauna gaban kwamfuta, bango fayau. Mutum biyu suka bayyana, wata mata da wani mai furfura. Kafin su yi tambayar farko na ce ina da magana. Na ce wasiƙar da na aiko ta bogi ce, ban taɓa taka rijiyar mai ba.

Mai furfurar ya ce, "To me ka taɓa yi da hannunka?"

Na ba shi labarin wata burtsatse a Geza. Muna cikin haƙa, laka ta daina dawowa sama, ƙasa tana shanye ta. Malam Garba ya aika aka kawo ɓuntun shinkafa daga Kaoje, muka dama a ciki, ya toshe tsagar, laka ta dawo. Mutumin ya yi murmushi, ya ce su ma a manyan rijiyoyi suna zuba abu mai kama da haka. Ya yi mini tambaya uku. Na amsa biyu, ta ukun na ce ban sani ba. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a gaban mai jarraba ni.

Sai matar ta yi magana, ba fushi, ba wasa. Ta ce an cire sunana daga wannan aiki. Ta ce in sun buɗe ɗaukar masu koyo, in nema da takardun gaskiya, amma ba ta yi mini alkawari ba.

Ban sami aikin ba, 'yan'uwa. Har yau ba su kira ba. Ina nan bayan motar Malam Garba. Na koma kan littattafan da na ci jarrabawarsu da sata, ina bin su daga shafin farko. Dattijon nan kuwa ban san inda yake ba. Ku taya ni addu'a Allah ya haɗa mu, in roƙi gafararsa.

Idon Baba ya fara rauni, ƙananan baƙaƙe sun daina fito masa. Yanzu kowace Asabar nakan kwafa masa ayoyi manya-manya, in liƙa a bangon ɗakinsa. Jiya na tsaya a bakin ƙofa ina jin sa, yatsa a kan layi, kalma bayan kalma. Ya karanta rubutun hannuna daga sama har ƙasa, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Haleluya! Na gode wa Yesu da bai bar ni na kai ƙaryata bakin rijiya ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai takardar da ka liƙa a wani bango, wadda ba za ka so a karanta a bayyane ba, kada ka jira gobe. Ka kawo ta gare shi yau. Kunyar tana da zafi, ni shaida ne, amma bai bar ni a cikinta ba, kai ma ba zai bar ka ba. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.