Turakun da Aka Kafa a Burtalin Dinya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Muntari; mai girma wakilin Hakimi; dagatai da masu unguwanni na ƙasar Rano da ta Kibiya; malamanmu da limamanmu da muke kwana muke tashi cikin addu'arsu; Injiniya Tajuddeen da abokan aikinsa da suka zo mana da taswira; Arɗo da jama'arsa da nake hangowa can baya kusa da ƙofa; iyayenmu mata, 'yan kasuwa, direbobi, da 'yan'uwana manoma: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Shitu. Manomi ne ni daga Unguwar Dinya a mazaɓar Saji. Ba ni da rawani, ba ni da boko. Mutanen unguwarmu sun turo ni ne don wai bakina ba ya gajiya, kuma mai ɗakina Hansatu ta ce ko a gaban alƙali za ta ba da wannan shaida.

Ina fara da godiya. Mun gode da aka kira mu tun katafila ba ta iso ba, domin mu abin da muka saba shi ne mu wayi gari mu tarar da ita a bakin gona tana huci. Mun gode wa Injiniya, wanda ya tsaya sa'a guda yana nuna mana inda hanyar kewayen gari za ta bi, da inda za a yi shataletale a mararrabar Kibiya, da sababbin hanyoyin da za su fita wajen Madachi da Tarai. Ko da yake Bazazzage ne, yau dai Bakano ya ƙaru da shi, kuma ina roƙon kada wannan labari ya kai Zariya.

Kada wani ya fita daga nan ya ce mutanen Dinya ba sa son hanya. Muna so. Duk wanda ya taɓa ganin tirela ta maƙale a tsakiyar gari ranar kasuwa yana so. Duk wanda albasarsa ta taɓa ruɓewa a buhu don mota ta ƙi shigowa da damina yana so. Duk wanda ya taɓa ɗora mai naƙuda a bayan babur yana so.

An aiko ni da magana uku. Biyu gajeru ne, ta ukun kuwa sai an yi haƙuri da ni.

Ta farko, a yi mana wurin tsallakawa a bakin shataletalen nan, domin masallacin Juma'armu zai koma can tsallake, kuma tsofaffinmu ba sa iya tsere da tifa. Ta biyu, magudanar ruwan da za a yi, a juya bakinta wajen fadama, kada a juyo mana shi cikin gidaje, domin gininmu na ƙasa ne. Na ga Injiniya yana rubutawa, Allah ya saka da alheri.

Ta uku ita ce ta hana ni cin tuwo da daɗi wata biyu ke nan.

Domin baƙinmu na birni, bari in faɗi abin da kowa a nan ya sani. Daga rugar Fulanin da ke bayan dutse zuwa mashayar da ke fadama, akwai burtali, wato hanyar shanu, mai faɗin taku talatin, an shinge ta da bini-da-zugu dama da hagu. Da rani burtali ba shi da aiki. An girbe amfani, gonaki a buɗe suke, shanu suna bi ta ko'ina suna cin kara suna bar mana taki. Wanda ya zo da rani zai ga fili ne kawai, ƙasa a bushe, shinge ya zubar da ganye. Amma ranar da aka yi shuka, ƙasar nan gaba ɗaya ta rufu. Daga ruga har ruwa, ba inda saniya za ta sa ƙafa ba ta taka abincin wani ba, sai wannan taku talatin.

Faɗin nan kuma ba da igiya aka auna shi ba. Shekara goma sha tara da suka wuce, wani daga cikinmu ya ƙara kunya biyu cikin burtali, na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba, shi ma ya ƙara uku. Hanya ta matse. Wata rana da hantsi garke ya tunkuɗo, shanu suka faɗa cikin gero. Aka fara da cacar baki, aka koma sanda, aka ƙare da gatari. Kafin la'asar mun sallaci gawa biyu, manomi ɗaya, makiyayi ɗaya. Ni na kama makarar duka biyun, kuma ban ji ɗaya ta fi ɗaya sauƙi ba. Bayan nan dattawanmu da dattawan Arɗo suka zauna, suka taka faɗin da ƙafafunsu, aka dasa shinge, Liman ya ɗora Fatiha a kan cewa ba mai ƙara taɓa shi. Tun daga ranar ba a sake jin kanmu ba.

To jama'a, ku dubi taswirar nan da ke jikin bango. Jan layin da ya baro shataletale ya nufi Tarai, daidai Unguwar Dinya, a kan burtalin nan ya kwanta. Ba tsallaka shi ya yi ba, bin sa ya yi a tsaye, taku ɗari uku, da kwalta, da magudana ta siminti dama da hagu.

Na san abin da wasu suke jira in ce. Suna jira in ce ma'aikata sun zauna a ofis sun ja layi ba su tambayi kowa ba. Da na faɗi haka da an tafa mini. Amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuwa yau na gaji da tsayuwa a kan nawa.

Masu awo sun zo mana da tsakiyar rani. Turakun farko da suka kafa, masu jan ƙyalle, ba a burtali suke ba. Cikin gonata suke, gonar da na gada wajen mahaifina, wadda take maƙwabtaka da burtalin daga yamma. Layin ya raba ta gida biyu, ya ɗauki wajen da ya fi ba da dawa. Na sa aka shimfiɗa musu tabarma a gindin dinya, aka kawo fura, suka sha. Sai na ce da shugabansu, “Ranka ya daɗe, me zai hana ku matsa gabas kaɗan? Ga fili nan a banza.” Yaron nan mai gaskiya ne, ya dube ni ya ce, “Baba, ba abin da ake yi da shi?” Na ce, “Ba abin da ake yi da shi.” Mutum shida na unguwarmu suna tsaye a wurin, wasunsu suna cikin ɗakin nan, ba wanda ya ƙaryata ni. Ba zan kira sunan kowa ba, domin bakina ne ya faɗa. Ni da hannuna na taya su cire turakun, ni na riƙe musu guduma.

Da na shiga gida ina murna na ba Hansatu labari, sai ta ajiye muciya ta ce, “Malam, dawar da za ka noma a wurin nan, wa zai zauna ya ci ta?” Na ce mata maganar gona ba ta mata ba ce. Ta ce, “Haka ne, amma zaman makoki namu ne.” Na fita na bar mata gidan.

Bayan kwana huɗu Manu ya zo. Manu ƙanen Arɗo ne, shekara ashirin shanunsa suna kwana a gonata da rani, taki nasa, kara nawa, ba mu taɓa sa wani a tsakani ba. Ya same ni bayan azahar, muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin tasu, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi har jakina. Can ya ce, “Malam Shitu, na ga jan ƙyalle a hanyar nagge.” Na ce, “Ai aikin gwamnati ne, Manu, wa ya isa ya hana?” Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, “Gwamnati ba ta san burtali ba. Sai dai in wani ya nuna mata.” Na miƙa masa ruwa, ya ce ya gode, bai sha ba.

Tun daga ranar shanunsa ba su sake kwana a gonata ba. Matarsa Rukayya, wadda kullum sai ta leƙa ta sauke ƙwarya wajen Hansatu, yanzu ta ƙofar gidan take wucewa ba ta ko yin sallama. Makon jiya kuma na ji cewa dattawan ruga sun rabu biyu. Wasu sun ce a kwance a tashi tun kafin ruwa ya sauka, a bar ƙasar da aka binne iyayensu. Matasa kuwa sun ce ba inda za su, saniya sai ta sha ruwa, in an toshe burtali za su bi ta inda suka samu.

Ina jin tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina tsoron su tashi, mu rasa maƙwabtan da muka tashi tare, gonakinmu su rasa taki. Na fi tsoron su zauna, domin na san matasansu, kuma na san namu. Yaran da ke riƙe da fartanya yau, da yaran da ke riƙe da sanda yau, ba su ga abin da muka gani shekara goma sha tara da suka wuce ba. Labari kawai suka ji, labari kuwa ba ya hana zuciya tashi.

Lokaci kuma ba ya wajenmu. Injiniya ya faɗa ɗazu cewa nan da kwana goma za a sa wa taswirar nan hannu na ƙarshe, daga nan ɗan kwangila ya shigo da kayan aiki. Shamuwa ta riga ta iso, jiya da yamma hadari ya haɗu a gabas. In aka kwashe shingen nan aka tara tsakuwa a burtali, sannan ruwan shuka ya sauka, to ranar da gero ya fito ku tambaye ni ta ina shanu ɗari huɗu za su bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, mai girma shugaba, ga roƙona a gaban shaidu.

Ina roƙon a mayar da turakun nan inda masu awo suka fara kafa su, cikin gonata. Ilminsu ne ya kai su can, son zuciyata ne ya ɗauke su. Ba na neman a matsa ko taku ɗaya don a rage mini asara. Ina kuma roƙon inda burtali zai haɗu da hanyar kewaye, a yi kwalbati babba wadda bijimi zai wuce ta ƙarƙashi da ƙahonsa, don kada garke ya hau kwalta. Sannan ina roƙon duk inda aka ja layi a ƙasar Rano da Kibiya da rani, a koma a tambayi Arɗon wurin abin da filin yake zama da damina, domin ban yi zaton ni kaɗai ne mai wayo a ƙasar nan ba.

Kada a ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Gonar nan a cikinta na koyi riƙon fartanya, ita ce ta ciyar da mutum goma sha ɗaya, kuma ba ni da wata. 'Ya'yana maza biyu sun yi fushi da ni, babban ya ƙi zuwa taron nan. Ban san yadda za mu yi da rabin gona ba. Amma na san cewa yadda ake yi da rabin gona ya fi sauƙin koyo a kan yadda ake kallon marayun da kai ne sanadinsu.

Injiniya, na ga ka dafe kai. Na san sauya layi ba wasa ba ne, na san akwai na sama da kai. Ka gaya musu wani tsoho ne ya yi wa yaranka ƙarya, kuma ya zo gaban jama'a ya amsa. In akwai takardar da ake dangwala wa hannu, ga babban yatsana. In hukunci ne, ni za a yi wa, kada a yi wa yaron da ya tambaye ni.

Manu, na hango ka bayan Arɗo. Ka ji da kunnenka, ni ne na nuna. Ka yafe mini don Allah. Ka gaya wa dattawa kada su kwance ruga, ka gaya wa samari su jingine sanda. Kwana goma kawai nake roƙo.

Allah ya sa wannan hanya ta zama ta alheri, ta kai mu kasuwa lafiya, ta dawo da mu gida lafiya. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya ba ma'aikatan nan ikon gyarawa tun da sauran lokaci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye gona, ya kiyaye garke, ya sanyaya zukatan 'ya'yanmu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku taya ni da addu'a, ranar da katafila za ta shiga gonar mahaifina, Allah ya ba ni ikon tsayawa in kalla ban canja magana ba.

Na gode.