Gahawar Baba a Allon Madam

Kuɗin motar da ya kai ni Inugu daga gonar gahawar kakanku ya fito, amma ba 'ya'yan ya sayar ba. Layin bishiyoyin bakin rafi ya sare, ya sayar wa masu tuya itacen. Lokacin masu saye sun daina hawowa Mambila, buhuna na ta fumfuna a ɗaki. A tasha ya ce mini, "Ladi, in ba mai saye, sauran ma zan kwantar da su in shuka masara." Har muka gangara dutse ina share hawaye, don a inuwar bishiyoyin nan na girma.

A unguwar Ogui na sauka, wajen Goggo Saratu mai sayar da doya. Mai gidan hayarmu kuwa ko guga ka ajiye a karkace sai ya yi taro a kai, amma mu bar wannan. Goggo ce ta samo mini wanke-wanke a shagon wata Madam Nkechi. Shago guda, ku ji fa, gahawa kawai ake sayarwa! Inji ne yake matsa ruwan zafi ta cikin garin gahawar, abin ya fito da kauri a ɗan finjalin da bai fi murfin buta ba. Esfireso sunansa. Na daɗe ina cewa isfaraso, abokan aiki suna riƙe ciki don dariya.

Madam a Kano ta girma, Hausa ba a rage mata komai ba. Ta nuna mini gwangwani biyu. Ɗaya bilen, wato haɗi: na Barazil don kauri, na Habasha don ƙamshi, kullum ɗanɗanonsa ɗaya, kuma yana ɗaukar madara. Ɗayan singil orijin, na gona ɗaya tak, ana rubuta sunan gonar a allo, a sha shi da halinsa.

Na ce, "Madam, a garinmu wanda ya haɗa hatsi biyu a buhu ɗaya algus ya yi."

Ta ce, "Yajin tsiren da kike lashewa, barkono ne kaɗai?"

Ni dai ban yarda ba. Kun san ni da taurin kai.

Na sa Baba ya ba direba ɗan buhun gahawarsa ya kawo mini. Madam ta soya, ta niƙa, ta kurɓa. Ta ce akwai tsami mai daɗi a ciki, kamar tsamiya da zuma. Washegari na tarar an rubuta a allo: Gonar Audu, Mambila. Ranar ko ɗan okadan da ya mai da ni gida sai da ya ji labarin. Baba ya jingine gatari.

Sai shekarar ta zagayo, ruwa ya yi ta dukan shanyar Baba, gahawar ta iso da tsami mai kaifi. Wani mai zuwa kullum ya kurɓa, ya ture finjalin: "Madam, wetin be dis?" Haka na gona ɗaya yake, ba shi da inda zai ɓuya.

Madam ta kira ni bayan shago. "Bana ba zai tsaya shi kaɗai ba. In na haɗa shi da na Barazil, tsamin nan zai farkar da haɗin. Zan riƙa saye duk shekara, amma sunan zai sauka daga allo."

"A binne mahaifina cikin na wasu? Wallahi gara a bari!"

"Gonarki ce? Je ki tambayi mai ita."

Na hau mota da niyyar in hana shi, na ƙunsa soyayyar gahawarsa a jaka da 'yar tukunyar da Madam ta ara mini. Kunya nake ji, don duk garin sun san an rubuta sunansa a birni. Na same shi a gona yana cire ciyawa, na zayyana masa komai, har da ƙari.

Ya ce, "Duk shekara ta ce?"

"Amma Baba, sunanku fa!"

"Su waɗanda za a haɗa ni da su, manoma ne?"

Na ce manoma ne. Ya ce, "To, su ma ruwa yana dukan shanyarsu. Ki gaya mata na yarda."

Cinikin ya ɗore, shi ya sa kuka gan ni a gida, ni ke kula da shanya yanzu kada ruwa ya sake dukan ta, kuma waɗancan bishiyoyin da kuke hawa su ne. Amma a ranar raina a ɓace yake. Na ce to, ya ɗanɗana abin da zai bari a gauraya. Tun kafin a haife ni yake noman gahawa, bai taɓa kai ta baki ba. Na dafa masa tasa zalla, na miƙa.

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya dubi gonar tun daga sama har bakin rafi.

"Ladi, wannan mutane suka yi ta sha da sunana?"

"Ita ce, Baba."

"Allah ya ba su haƙuri." Na miƙa hannu in karɓa, ya janye finjalin. "Bar min. Tawa ce."